Muryar da Aka Kulle a Kwamfuta

Ƙawata Rifkatu, matso ki ji misalin da na shirya wa yaran makarantar Lahadi. Kin san karatuna na koyon kai ne, in na yi tuntuɓe ki gyara mini.

Akwai wani mutum wanda matarsa take buga takardu a wani shago. Ita ce kuma mai ba da waƙa a Zumuntar Mata, an taɓa ɗaukar muryarta aka ajiye a kwamfutar shagon. Daga baya mai shago ya sa wa kwamfutar wata manhaja mai kulle kome, don kada masu zuwa su taɓa abin da ba nasu ba. Sai matar ta rasu. Mai shago zai bar gari, ya ba mijinta kwamfutar kyauta, amma shi mai shagon kalmar sirrin ta riga ta shige masa.

Mutumin ya kai ta gida ya kunna. Wurin rubutu kaɗai ke buɗewa. Muryar matarsa tana ciki, ba hanyar kaiwa gare ta. Duk wanda ya tambaya sai ya ce a goge kome a zuba sabo, aikin ba wuya.

Ya je wurin wani mai gyara. Kafin mai gyaran ya taɓa kome, ya tambaye shi ko akwai abin da yake so a ciki. Mutumin ya ce, “Uwar 'ya'yana ce a ciki.”

Mai gyara ya ce, “To Baba, sai ka nemi kujera. Da hannu za mu cire.”

Ya kunna ta ta wata hanya wadda makullin, wato manhajar nan, bai farka ba. Ashe manhajar ta warwatsa kanta a lungu-lungu. Ya bi ta fayil bayan fayil, kowanne sai ya karanta sunansa ya tabbata na makullin ne kafin ya goge. Da ya sake kunnawa, sai ga makullin ya dawo daram. Mutumin ya ce a bari haka, ya gaji da sa rai. Mai gyara ya yi dariya, ya ce shi da ke aikin bai gaji ba, balle mai zama. Ya koma ya tono ragowar da ta ɓuya cikin abubuwan da ke tashi tare da kwamfutar, ya cire ta. Allo ya buɗe. Ya danna, sai muryar matar ta cika shagon.

Ma'anar wannan misali ita ce: kwamfutar mu ce, makullin kuwa zunubin da ya ɗaure mu. Mutane suna saurin cewa wane ya lalace, a share shi. Ubangiji Yesu ba ya haka. Ya san abu mai daraja da Uba ya ajiye a cikinmu, yana zama ya cire abin da ba namu ba ɗaya ɗaya, ko tsohon hali ya dawo ba ya fasawa. Mu ma haka za mu yi da 'ya'yanmu da maƙwabtanmu.

Rifkatu, kin lura dattijon nan na bencin baya ya koma rera waƙa a sujada? Shi ne. Ya yarda in faɗi labarin, ban da sunansa. Ki riƙe a cikinki, kada kowa ya ji.