Tunau da Zauren da Ba Shi da Ƙyaure

A zamanin da giwaye ke shan ruwa a Tafkin Gauraka, babu gari a wurin sai 'yan bukkokin masunta. Nan wani maharbi mai suna Tunau ya iso tare da ƙanensa Jatau, suna bin sawun ɓauna. Tunau baka mai tsawa, kibiyarka ba ta dawowa da kunya!

Masuntan suka karɓe su hannu bibbiyu, suka kuma koka musu da mutanen Korau, maharan da ke saukowa daga tuddai duk kaka su kwashe kifi da 'ya'ya. A harin farko da Tunau ya gani, mashin Korau, shugaban maharan, ya kashe Jatau. Tunau ya binne ƙanensa, ya rataye baka, ya kama gini. A kan wani dutse da ya kutsa cikin ruwa ya tayar da gida mai ganuwa da benaye, katangarsa har doki kan bi ta kanta. Tsofaffi sun ce dorinar tafkin ce take fitowa tana taka masa ƙasar gini. Masunta suka samu mafaka a gidan, daga nan mahara ba su ƙara cin riba ba.

Sai aka yi fari. Rijiyoyin tuddai suka ƙafe, tafkin ma ya janye, ruwan da ya rage sai ta cikin gidan ake isa gare shi. Wata rana da hantsi Korau ya bayyana a bakin zaure, ba doki ba mashi, mata da yara a bayansa, leɓunansu duk sun tsage.

Jama'a suka ce a bar ƙishirwa ta ƙarasa su. Tunau ya sauko da bakansa, ya ɗana kibiya. Korau bai roƙi ransa ba. Cewa ya yi a harbe shi, a shayar da yaran.

Tunau ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sauke baka.

"Jinin Jatau yana wuyanka, kai da Allah. Amma ruwan nan ba ni na haƙa shi ba."

Ya sa aka ciro ƙyauren zauren aka jefa a tafki. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai ƙara yi wa Korau magana ba, bai kuma kore shi ba.

Zamani ya shuɗe, benaye suka zube, daga baya aka gyara gidan aka mai da shi otal mai lantarki da lallausan gado. Ranar da magina suka kawo ƙofar ƙarfe, dattawan garin, jikokin masunta da na Korau, suka shimfiɗa buzu a bakin zauren suka zauna, har sai da aka mayar da ita cikin mota.

Har yau zauren a buɗe yake, kuma duk baƙon da ya sauka sai ya sha ruwa kafin a tambayi sunansa.