Tsakuwar Mahaƙa Rijiya

An ce wai a wani gari na bakin daji, inda ruwa ke da nisa a ƙarƙashin ƙasa, an yi wasu mahaƙa rijiya su biyar, shugabansu wani dattijo mai suna Jatau. Suna da wata al'ada da suka gada. Kowace safiya, kafin wani ya sauka, sai su kewaye bakin ramin, kowa da tsakuwa a hannu, su leƙa ciki. Wanda hankalinsa ya kwanta sai ya jefa tasa. In ko mutum ɗaya ya riƙe, ranar ba mai shiga. Jatau ke fara jefawa, sauran su bi.

Al'adar nan ta daɗe tana tsare rayuka, har wata rana da ɗayansu, Nomau, ya riƙe tasa. Aka wuni ba aiki, rijiya kuwa ko gezau. Jatau ya ce, "Nomau, da ka faɗa mana zani kake so, ai da mun saya maka." Aka yi ta yi masa tsiya har cikin kasuwa.

Bayan damina suna haƙar rijiyar unguwa, Nomau ya leƙa ya hangi wata 'yar tsaga, ƙasa na tsiyayowa daga cikinta kamar garin gero. Ya damƙe tsakuwarsa. Amma Jatau ya jefa, sauran suka jefa, sai shi ma ya buɗe hannunsa. Korau, wanda sauka ta faɗo kansa a ranar, ya ɗaura igiya ya shiga yana waƙa. Kafin hantsi ya dubi ludayi ramin ya rufta. Igiya kaɗai suka jawo.

Mahaifiyar Korau, Iya Tabawa, ta kai ƙara gaban alƙali, jama'a kuma suka dage sai an kori Jatau daga garin. Jatau ya ce, "Allah gafarta Malam, ba ni kaɗai na tura shi ba, kowa ya jefa." Sauran suka ce, "Mu babba muka bi."

Alƙali ya sa aka ajiye tulu a wani ɗaki, da tsumma a cikinsa don kada a ji ƙara. Ya ba kowannensu tsakuwa, ya ce, "Ku shiga ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai ga abin tsoro a safiyar nan ba, ya saka tasa a tulu. Wanda ya gani, ya yar da ita ta taga. Ba mai ganinku sai Allah."

Nomau ya shiga yana ganin tasa kaɗai za a rasa. Ya yar da ita ta taga.

Da suka gama, alƙali ya kife tulun a gaban jama'a. Tsumma kawai ya faɗo.

Jatau ya rufe fuska da hularsa, ya ce, "Na ga tsagar. Na ji kunyar a ce tsufa ya sa ni tsoro. Na zaci wani zai riƙe."

Alƙali ya ce, "Duk kun gani, wannan shi ne amfanin taronku. Kowa kuma ya jira ɗan'uwansa, wannan shi ne sharrinsa. In na kori Jatau, na kori mutum ɗaya na bar abin da ya kashe Korau. Daga yau a ɓoye za ku riƙa jefa tsakuwa, wanda ya yi wa mai riƙewa ba'a kuma shi zai sauka. Gonar Iya da ruwan shanta suna wuyanku muddin ranta."

Iya Tabawa ta ce, "Ruwa kam za ku kawo, Malam. Wa zai ce mini Inna?"



Ramin yana nan, an ce tumfafiya kaɗai ke fitowa a kansa, ko akuya ba ta kwanciya a wurin. Nomau ya tsufa yana kai wa Iya ruwa, bai taɓa iya kallon idonta ba.

Masu hankali suka ce, wanda ya yi wa gargaɗin abokin aikinsa dariya, ya rufe bakin duk masu tsaronsa, ranar haɗari kuwa shiru zai ji.