Bunsuru da Warin da Ya Ƙi Barinsa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta.

Bunsuru ne mai zafin zuciya, wari ya dame shi. Ya ce matarsa Akuya ce, ya tunkuɗe ta waje. Wari bai tafi ba. Ya ce 'ya'yansa ne, ya fatattake su. Ya ce garke ne, ya rushe shi da ƙaho.

Yana huci ya hau dutse, ya tarar da Damo, sarkin haƙuri, yana shan hantsi.

Bunsuru ya daka masa tsawa: "Ashe kai ma wari kake yi!"

Damo ya ce, "Ɗazu kam iskar nan lafiya lau take."

"Ni kake zagi? Wallahi sai na fasa kanka!"

"Fasa. Amma ka kori mata, ka kori 'ya'ya, ka rushe gida. In na tafi, zauna ka tambayi kanka wa ya rage." Sai Damo ya shige rami.

Bunsuru ya yi ta tunkuyin dutse har ƙahonsa ya karye. Da ya gaji ya durƙushe, hancinsa ya nutse cikin gemunsa.

Ya daɗe bai ɗago ba. Can ya sauka neman Akuya, kai a sunkuye.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan ta tsaya.