Tukunyar Tasalla da Gasar Ludo

Ku natsu, ba na maimaita magana.

Wani kamfani ya sa gasar ludo ta waya a unguwarmu, kyautar keken ɗinki. Dokarsu ita ce gida ɗaya, akawun ɗaya. Wakilinsu Ɗanlami, wanda shi ma yake cikin gasar, ya ga Ladidi jikar Tasalla tana neman kayar da shi. Sai ya zo gidan da takarda, ya sami tsohuwa Tasalla.

"Iya, zan rufe akawun ɗin Ladidi. Sabi'u ɗan baffanta ma yana bugawa, kuma gidansu ɗaya."

"Sashen su Sabi'u daban, ƙofarsu daban."

"Ba ruwan kamfani da ƙofa. Duk masu cin tukunya ɗaya, gida ɗaya ne."

"Ko ba nan mutum yake kwana ba?"

"Ko a Legas yake kwana!"

"Rubuta haka, ɗan nan, ka sa hannu. Ban yi boko ba, kada in manta."

Ya rubuta. Tasalla ta karɓe takardar, ta ƙulle a bakin zane.

"Madalla. Kwanon tuwon da nake fitarwa ƙofar gida kullum, wa yake fara wanke hannu?"

Ta nuna Ɗanlami da yatsa, ta ci gaba.

"Shekara bakwai kana ciyayya da 'ya'yana, har ƙarin miya kake aikowa a zubo maka. Ashe ɗan gida ne kai. Fara rufe naka, sannan mu zo kan Ladidi."

"Haba Iya, ai wannan zumunci ne."

"Takardarka ba ta cire zumunci ba."

Ba a rufe akawun ɗin kowa ba, Ladidi ta ci kekenta. Ɗanlami har yau yana zuwa cin tuwo, amma ya daina neman ƙarin miya.