Manomin Tumatir da Kulocin da Ya Yi Tauri

Akwai wani mutum, manomin tumatir, wanda lambunsa yake can cikin kwari a bakin rafi. Tsakanin lambun da titi akwai wani hawa mai tsayi, duk tsakuwa. A bisa tudun ne motar 'yan kasuwa take tsayawa kowace Alhamis, ta yi lodi har rana ta yi tsaka, sa'an nan ta tafi. Wanda kwandunansa ba su iso ba kafin lokacin, sai ya koma da su gida yana kallo suna ruɓewa.

Mutumin yana da babur, shekara shida yana hawa da kaya a kansa. Amma a ranin nan babur ya soma ba shi kunya. In ya kai tsakiyar hawa, sai ya murɗa totur, inji ya yi ta ruri, ƙafar baya kuwa ba ta ja. Ya canja fulogi, ya yi faɗa da mai sayar da fetur, duk a banza. Mako biyu a jere mota ta tafi ta bar shi. Matarsa Tabita ta yanyanka abin da ta iya ta shanya a kan dutse, sauran aka zuba wa awaki. Tsinka ɗaya ce ta rage musu, ita ce kuma babbar. In ta ruɓe, aikin rani duka ya tafi.

Sai ya tura babur wurin wani tsohon makanike, Baba Ishaya. Tsohon ya kwance gefen inji, ya zaro faya-fayan kuloci, ya nuna masa yadda suka cinye suka yi sumul kamar bayan cokali. Ya ce injin lafiyarsa lau, amma kuloci ne yake miƙa ƙarfin inji ga ƙafa, shi kuwa ya daina riƙo. Ya ƙara da cewa irin wanda ya zo da babur an yi shi ne domin mutum ya ɗauki matarsa zuwa sujada, ba domin kwando huɗu a kan hawa ba. Saboda haka ya sayo wasu faya-fayai masu kauri da sifirin masu tauri, wato naɗaɗɗun ƙarafan da suke matse su, ya jiƙa faya-fayan cikin baƙin mai, ya ɗaura.

Tun kafin mutumin ya isa gida hannunsa na hagu ya sage. Kulocin da dā yake ja da yatsa biyu, yanzu sai ya sa hannu duka ya cije leɓe. Maƙwabcinsa na lambu ya zo ya gwada matsawa, ya tambaya ko babur ne wannan ko tarkon gafiya, mutane suka yi ta dariya. Tabita ta gasa masa hannun da ruwan zafi.

A rana ta uku ya koma.

"Baba, ka mayar mini da tsofaffin sifirin. Waɗannan za su karya mini hannu."

Baba Ishaya ya laluba cikin gwangwani ya ciro tsohon guda ɗaya, ya ce ya matsa. Mutumin ya matse shi da yatsu ba wahala.

"Ka ji daɗinsa, ko?" in ji tsohon. "Haka hawan ma yake jin daɗinsa. Ɗana, in kana so in mayar, yanzu zan mayar. Amma ran Alhamis kada ka zo mini da kuka."

Mutumin ya jujjuya sifirin a tafin hannu. Daga baya ya jefa shi cikin gwangwani, ya hau babur ya tafi.

Da Alhamis ta zo, ya ɗaure kwando huɗu, ya sa giya ta ɗaya, ya saki kuloci a hankali. Babur ya kama ƙasa. Ya wuce wurin da ya saba tsayawa, ya wuce maƙwabcinsa wanda ya sauka daga nasa babur yana turi, warin ƙuna yana tashi daga injinsa. Bai tsaya ba sai a gaban mota. Sawu bakwai ya yi a safiyar nan, a kowane sawu kuwa hannun yana ciwo, babur yana hawa. Da ya gama nasa, ya koma ya kwashe na maƙwabcin. Sa'ad da aka ɗora kwandon ƙarshe, Tabita ta rangaɗa guɗa daga gindin tudu har direba ya leƙo ta taga.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Injin shi ne alherin Allah, wanda ba ya raguwa. Kulocin kuwa biyayyarmu ce, wurin da ikon Ubangiji yake haɗuwa da tafiyarmu ta yau da kullum. Da yawa cikinmu muna da ruri. Muna waƙa da ƙarfi ran Lahadi, muna yin alkawari. Amma da an zo hawa, wato ranar da faɗin gaskiya zai jawo mana hasara, ko ranar da za mu gafarta wa wanda ya ci mutuncinmu, sai mu zame, mu ɗora laifi a kan wani.

Sa'ad da Ubangiji ya gyara mutum, sau da yawa abin da ya fara ji shi ne tauri. Tashi addu'a yana da wuya, kame baki yana da wuya, abokai kuma za su yi dariya. Wani a cikinku yana rana ta uku ke nan, yana tunanin komawa ga tsohon halinsa domin ya fi sauƙi. Kada ka koma. Taurin da kake ji alama ce cewa an yi gyaran. Ka jure, gama za ka kai kayanka bisa tudu, har ka sami ƙarfin komawa ka ɗauko na ɗan'uwanka.