Wayar Sakataren 'Yan Dako

Ranar Litinin, sha huɗu ga watan Oktoban 2024, da ƙarfe tara da minti ashirin na safe, a bakin layin dogo na Agege da ke Legas, aka soma abin da har yau in an tuna shi sai an cije leɓe.

Akwai wani mutum mai suna Ridwanu, sakataren wata ƙungiyar 'yan dako masu kwana a Agege, suna aiki a kasuwar Mile 12. Shi ke riƙe da lambobin iyalan mutum sittin da uku, waɗanda yawancinsu ba su da waya. In ɗan dako ya kwanta ciwo ko ya rasu, sakatare ne ke kiran gida.

A da a littafi ake rubuta lambobin. Da Ridwanu ya hau kujerar, sai ya kwashe su ya zuba a wata waya 'yar gwanjo da ya saya a Oshodi, ya miƙa wa mai tsire littafin ya riƙa naɗe nama. Ya ce zamanin takarda ya wuce.

A safiyar nan wayar ta dame shi da saƙo, wai sai an sabunta manhajar da ke tafiyar da ita. Ya kai ta wurin Mouna, wata 'yar Maraɗi mai gyaran waya a wani ɗan kes.

Mouna ta jujjuya ta, ta ce, "Malam Sakatare, wayar nan ta tsufa. Dubi bayanta, batirin ya kumbura har ya ɗaga murfi. Cikinta kuma ya cika maƙil. In ka sabunta ta a haka ta mutu a tsakiya, ba ta tashi sai an wanke ta tas. Zauna mu kwafe lambobin a takarda tukuna. Awa guda ce."

"Awa guda? In zauna gabanki kina yi mini shifta kamar ɗan firamare?"

"To ka bar ta zuwa gobe, in samo batiri."

"Abeg, Madam! Dama batirin kike so ki sayar mini. Tun kina tallan fura a Maraɗi nake riƙe waya."

Ta ce, "Ban taɓa tallan fura ba. Amma ka tuna, abin da ke ciki na mutane ne, ba naka ba."

Ya fizge wayarsa, ya ja tsaki, ya faɗa danfo. Tun kafin motar ta cika ya danna maɓallin sabuntawa, caji saura sha tara cikin ɗari. Kafin su kai Ketu fuskar wayar ta yi baƙi. Da ya isa kasuwa ya jona ta a wuta, sai ta nuna tambarin kamfani, ta ɗauke, ta sake nunawa, ta sake ɗaukewa. Ya zage ta, ya zagi wanda ya sayar masa, ya cusa ta a aljihu.

Cikin 'yan dakon akwai Boubacar, mutumin wani ƙauye can bayan Tawa a Nijar. Ba ya karatu, bai taɓa haddace lamba ba. Kowace Juma'a bayan masallaci yakan zo wurin Ridwanu, a kira masa wayar maƙwabcinsu, a kai wa matarsa Ni'ima su gaisa.

Da ƙarfe ɗaya da minti arba'in, buhun albasa ya suɓuce daga saman tirela ya sauka a wuyan Boubacar. Amininsa Nassirou ya ɗauke shi zuwa asibiti. Likita ya duba, ya girgiza kai. Boubacar na cikin hayyacinsa, kuma ya gane abin da girgiza kan ke nufi. Abu ɗaya ya roƙa.

"A kira mini Ni'ima."

Aka nemo Ridwanu. Ya tsaya a bakin gado yana danna waya, yana buga ta a tafin hannu.

Nassirou ya ce, "Oga, kira mana! Me kake jira?"

"Wayar ce ta ɗan samu matsala."

"Ina littafin?"

Ridwanu ya ci gaba da danna wayar. Nassirou ya cakumi wuyan rigarsa ya haɗa shi da bango. "Bawan Allah na mutuwa, kana ce mini matsala? Shekara uku yana kiranka Oga don lambar nan kaɗai!"

Da ƙyar aka ɓamɓare shi. Ridwanu ya tare okada ya koma Agege, gumi na tsiyaya. Mouna ta jona wayar da kwamfuta, ta gwada duk dabarar da ta sani, sannan ta ɗago kai.

"Ba abin da zai fito. In na wanke ta za ta tashi, amma ba lamba ko ɗaya."

Ya daka mata tsawa, "Bakinki ne! Ke kika yi mata baki!"

"Bakina cewa ya yi ka rubuta."

Ta zare layinsa ta sa a wata ƙaramar waya, ta miƙa masa. A kan layin ma ba a ajiye komai ba. Ta ce, "Riƙe. Ƙila 'yan gidan mara lafiyar su kira."

Ba su kira ba. Boubacar ya cika da ƙarfe biyar da minti biyar na yamma. Washegari aka binne shi, ba wanda ya sani daga gida. Babu ɗan ƙauyensu a kasuwar. Nassirou kansa Badamagare ne, a Legas suka haɗu. Aka ba wani direban albasa sallahu zuwa ƙauyensu, shi kuwa sai ya sauke kaya, ya sami lodi, sannan ya kama hanya.

Ranar Juma'a da ƙarfe biyu da rabi, 'yan ƙungiya na zaune a rumfarsu, ƙaramar wayar ta yi ƙara. Lambar Nijar. Nassirou ya ce, "Buɗe murya kowa ya ji."

Muryar mace ta fito tana dariya, ana jin kalangu da guɗa a bayanta.

"Sakatare, ina wuni? Yau kun yi shiru, na ce bari ni in kira. Ba ni maigidan, in gaya mishi bikin ƙanwa tai ya yi kyau. Har lalle na sha!"

Ridwanu ya juya ya dubi Nassirou. Nassirou ya karɓi wayar ya faɗa mata, a hankali, kamar yadda ake faɗa.

Can ta ce, "Yaushe?"

"Litinin."

"Litinin? Kwana huɗu ina yawo da lalle da turare, ina rangaɗa guɗa, mijina na cikin ƙasa? Matan gari su fara takaba ran da aka yi mutuwa, ni in fara tawa daga gidan biki?" Numfashinta ya sarƙe. "Ya bar magana?"

"Sunanki ya yi ta kira har ya cika."

"Duk girman Ikko aka rasa mai danna lamba? Sakatare, na san kana ji na. Amana ya ba ka. Ban yafe ba."

Layin ya katse.

Ba a yi ƙuri'a ba. Nassirou ya ɗauke kujerar sakatare ya kifa ta, mutane suka tashi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya dubi inda Ridwanu yake.

Ga waɗanda Boubacar ya bari: matarsa Ni'ima; mahaifiyarsa Baiwa, wadda idonta ya yi rauni; 'yarsa Yasmin, mai shekara bakwai; ɗansa Iliyasu, mai shekara huɗu; da jariri ɗan wata biyar, wanda uban bai taɓa gani ba.

Darasi: Abin da aka ba ka amana ba wurin gwada isa ba ne. Kafin ka sabunta tsohuwar waya, kwafe abin da ke cikinta a wani wuri. Kuma in wanda ya san aikinsa ya ce ka dakata, ka dakata, ko da kana ganin bai kai ka ba. Ku isar da wannan ga duk mai riƙe da lambobin jama'a, tun kafin a neme su.