Rumbun Da Ya Ƙi Yaɓe

Akwai wani manomi da ya gina rumbu cikin gaggawa, don a ce ya riga maƙwabtansa gamawa. Bai tsaya jera duwatsu a ƙarƙashi yadda ake yi ba, ya ɗora ginin a kan ƙasa kawai.

Da damina ta yi nisa, sai gindin rumbun ya tsage. Matarsa ta ce, "Maigida, gara fa ta shiga rumbun nan."

Ya ce, "Rufa mini asiri, kada kowa ya ji."

Ya kwaɓa laka ya yaɓe wurin, ya shafe shi sumul. Duk sa'ad da tsagar ta dawo, haka yake yi.

Da kaka ta yi, ya kira gayya, maƙwabta suka zo taya shi ɗura dawa. Ana cikin zubawa sai gindin ya fashe, rumbun ya kife, abincin shekara ya watse a ƙasa a idon kowa. Ba wanda ya yi dariya. Duk da haka kunya ta rufe shi. Ya shige ɗaki, ya daina zuwa kasuwa, ko wurin sujada a coci ba a ganinsa, dawa kuwa tana yashe, kaji na tsattsaga.

Sai yayansa ya zo ya same shi. Manomin ya kasa ɗaga ido, ya ce, "Yaya, in mutane sun tafi gona, zan lallaɓa in tā da rumbun in yaɓe."

Yayan ya ce, "Lafiyayyen bango ake yi wa yaɓe. Wannan sake ginawa yake so, kuma sai ka rushe na dā har ƙasa."

"A gaban mutane?"

"Me ya rage da ba su gani ba?"

Manomin ya fito, kai a sunkuye, ya ɗauki gatari ya fara rushewa. Maƙwabcin da manomin ya fi jin kunyar haɗa ido da shi, shi ne ya fara zuwa da dutse a kā.

Ma'anar wannan misali ita ce: rumbun rayuwarmu ce, garar zunubin da muke ɓoyewa ne, yaɓen kuwa fuskar kirki da muke zuwa da ita sujada. Gyara yakan rufe tsaga ya bar ɓarnar a ciki. Sake ginawa yakan fara daga tushe, kuma tushen nan Yesu Almasihu ne. 'Yan'uwa, kunyar da ta kulle mutum a ɗaki hallaka ce. Wadda ta sa shi ya tuba, ita ce farkon sabon gini.